Yadda Na Warware Lamba Goma

Ni ce Inna. Haka 'yan ƙwallon unguwar Abbasiya suka sa min, har mai gadin ƙofar gidanmu, Bamisire ne amma Inna yake ce min. Ba na karatu, ba na rubutu. Ni nake faɗa, Hafsatu ɗalibar da ke haya a hawan da ke ƙasan namu tana rubutawa. Na riga na gaya mata, in ta ga na yi shiru ina share ido ta jira ni, zan dawo kan maganata. Tun da maigidana Malam ya rasu haka nake, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Abin da ya tayar da maganar nan, rannan wasu yara sababbin zuwa suka hawo min da buhun riguna. Ɗayan ya leƙa bahon wanki ya ce wa ɗan'uwansa, a hankali wai don kada in ji, "Wannan ai inji ne zai yi, ka zuba ka danna, khalas." To, na ji. Idona ne ya yi rauni, kunnena lafiyarsa ƙalau. Ku zauna in gaya muku aikin.

Buhun farko da na taɓa karɓa, Malam ne da kansa ya hawo da shi a kafaɗa yana haki, don gidanmu na Ainu Shams dogo ne kuma sai matakala. A lokacin ya gama karatunsa, yana sayar da yadi a wani ɗan shago a Ataba, da la'asar kuma ya wuce Abbasiya ya horar da ɗalibanmu Hausawa ƙwallo, 'yan Najeriya da 'yan Nijar a haɗe. Akwai gasar da ɗaliban jami'a 'yan Afirka suke yi duk shekara, kowace unguwa da ƙungiyarta, ana ba da kofi. Ya zazzage buhun a tsakar ɗaki: korayen riguna, fararen gajerun wanduna, safa, duk a cakuɗe. Kyanwar da ke kwance a bakin ƙofa ta tashi ta ba mu wuri.

Na kwashe su na kai saman bene inda muke shanya, na tafasa ruwa, na ɗaga buta zan kwara, sai na ji an riƙe min hannu. Ummu Sabir ce, maƙwabciyarmu, Bamisiriya mai jiki, wadda ta daɗe tana yi wa wata ƙungiyar unguwa wanki. Larabcina a lokacin bai wuce gaisuwa ba, ita kuma ko "sannu" ba ta ji. Ta karɓe butar ta ajiye can gefe. Ta ɗaga koriyar riga da hannu ɗaya, farin wando da ɗaya, ta haɗa su ta ɓata fuska kamar an yi mata mutuwa, ta raba su ta washe baki. Haka ta koya min sana'ar nan gaba ɗayanta, da hannu da fuska, wani lokacin da ɗan duka a bayan hannu.

A wurinta na san rigar ƙwallo ba ta son ruwan zafi. Sabuwa, sai ka fara jiƙa ta da gishiri da khal, wato ruwan tsamin nan nasu, sannan launinta ya zauna. Jini da ruwan sanyi ake bin sa, tun bai kwana ba. Riga ana juya ta kafin a shanya, a inuwa, a maƙale ta ta ƙasa, don in ka maƙale ta kafaɗa za ta fito da ƙaho biyu, yaro ya shiga fili ana yi masa dariya. Safa ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce wahalar. Filayen da ake haya a nan ciyawarsu ta roba ce, tana da wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi kamar gero, suna cika safa. In ba ka kaɗe su ɗaya bayan ɗaya ba, za su toshe maka magudana, mutanen ƙasa su hawo da faɗa. Kayan aikina ba su da yawa: baho uku, burushi mai laushi, sabulun sanda, igiya, sai gwangwanin madara da nake ajiye allura da zare da wani ɗan mitsitsin almakashi.

Lamba kuwa ni nake ɗinka ta. Yanzu ana manna ta da ƙarfe mai zafi, bayan wanki kaɗan ta fara ɓarewa kamar fatar maciji. Tamu daga ragowar farin yadin shagon Malam nake yankawa. Shi ya zana min su a kwali, na bi. Ban san karatu ba, amma na san su ɗaya bayan ɗaya da sunan da na sa musu. Ɗaya sanda ce, biyu agwagwa, huɗu kujera, takwas gyaɗa, goma sanda da ƙwai. Malam yakan yi dariya har ya riƙe ciki in na ce, "Mai gyaɗa ya sake yaga hammata."

Wanda ya daɗe yana wankin rigunan 'yan ƙwallo ba ya bukatar a ba shi labarin wasa. Buhun ne yake gaya maka. Ƙasa a gefen wando, yaro ya yi aiki, ya zame ya tare. Riga fes babu gumi, ya yi yawo ne a fili. Amma wuyan riga shi ne babban mai shaida. Ƙwallo ba ta yaga wuya. In na ga wuya a yage, an shaƙe juna ne. Ranar da na zauna ina ɗinkin wuya biyu ko uku, ba na tambayar Malam yadda aka tashi, sai dai in zuba masa abinci.

Malam yana da doka, kuma a hannuna take aiki. Ya raba kati gida biyu, katin ƙafa da katin baki. Ɗan baya ya makara ya haɗa da ƙafar mutum, alƙalin wasa ya ɗaga masa kati, wannan Malam yakan ce aiki ne ya zo da kuskure, a gyara a wurin horo. Amma wanda aka kora da jan kati saboda bakinsa ko hannunsa, ya zagi alƙali, ko ya kai wa wani naushi, to ranar Malam zai shigo ya ce min, "Cire bakwai," ko "Cire huɗu." In ɗauko ɗan almakashina in warware lambar daga bayan rigar, in ninke ta in sa a gwangwani. A gasar nan ba a barin kowa ya shiga fili da bayan riga babu lamba. Ba na mayar da ita sai yaron ya je ya ba alƙalin haƙuri a gaban mutane, ya kuma hawo saman benen nan ya wanke safar 'yan ƙungiya kaf da hannunsa. Sannan Malam ya ce, "Mayar."

Ya sha gaya wa yaran dalili, ina jin su daga kicin. Yakan ce, "Kai ka yi fushi ka fita ka sha iska. Su goman da ka bari su ne za su yi gudun da ya kamata ka yi. Ƙafafunsu ka ci amana, saboda haka safarsu za ka wanke."

Akwai wani Lawan, mai tsaron gida, ɗan Gusau, mahaddacin Alƙur'ani ne, shi yake jan ɗalibai sallah in limaminsu ba ya nan. A shekararsa ta farko aka ba da fenariti a kansa, ya dubi alƙali ya tambaye shi a wane asibiti aka yi masa aikin ido. Aka kore shi. Ya zo min da farar jallabiya, ya naɗe hannu ya tsuguna gaban baho. Abokansa suka biyo shi suka cika matakala.

"Ya Shaikh, wannan akwai lada kuwa?"

"Ka cuɗa tawa da kyau, Allah gafarta, kwana biyu na yi da ita."

"Ya Shaikh, in ka gama ka sake alwala, ta mai gyaɗa ta karya maka."

Lawan ya ci gaba da cuɗawa. Ya wanke, ya ɗauraye, ya shanya, ya ce min, "Inna, ashe haka muke wari?" Na ce, "Yau ma da sauƙi." Tun daga ranar ban sake taɓa lambarsa ba, har ya zama kyaftin.

Zan faɗi abin da na gani da idona, ku ɗauka ko ku bari. Kofunan da Malam ya shigo da su gidan nan, duk a shekarun da gwangwanina ya zauna babu lambar kowa ne. Kuma ba a shekarun ne muka fi gwanaye ba. Akwai shekarar da ɗan gabanmu sai ya yi faɗuwa uku kafin ya ci ɗaya, amma mu goma sha ɗaya muke shiga, mu goma sha ɗaya muke fitowa. Ba mu ba abokan karawa bugun tazara a bakin gidanmu ba, ba mu ba su fenariti kyauta ba. Su sai su gaji, su fara faɗa da juna, mu ci ɗaya mu tafi gida.

Shekarar da muka fi gwanaye ita ce muguwar shekara.

A shekarar ne Ilyasu ya zo daga Damagaram. Yaro dogo, siriri, ga fara'a, in ya gaishe ka sai ya durƙusa. Saboda gudunsa aka sa masa Metro, kamar jirgin ƙasan nan na cikin gari. Rigarsa ita ce ta fi kowacce shan wahala, don ba a iya tsayar da shi sai an riƙo shi, kullum gefenta a miƙe. Misirawan unguwa da ba ruwansu da gasar ɗalibai suka fara zuwa kallo saboda shi. Malam ya ba shi goma. Na tuna ranar da na ɗinka ta, Malam yana zaune a kan tabarma yana cewa, "Wannan yaron in ya kama bakinsa, zai ci abinci da ƙafarsa."

A shekarar ne kuma ciwon ƙoda ya kwantar da Malam. Muka koma zaryar asibiti. Mataimakinsa, Ustaz Jibo, ya riƙe ƙungiyar. Ustaz mutumin kirki ne, shi ya yi ta ɗaukar Malam a baya yana sauko da shi matakalar nan, ba zan manta masa ba har in mutu. Sai dai ba ya iya kallon idon yaro ya ce masa a'a. Buhu yana zuwa, ina wankewa tsakanin asibiti da gida, ina ganin wuya a yage, yau na goma, gobe na tara, jibi su biyun. Ba wanda ya ce min cire. Ni kuwa ba na cirewa da kaina, ba ni ke da ƙungiya ba. Malam ya tambaye ni daga kan gado, "Yaya yaran?" In ce, "Suna cin ƙwallaye." Gaskiya ne, suna ci. Su ci uku masu kyau, a kori mutum biyu, a rama musu huɗu. Tun a zagayen farko aka fitar da mu, a wasan ƙarshe ma da dambe aka tashi. Kwamitin gasa ya aiko cewa in aka sake, za a cire Abbasiya gaba ɗaya.

Malam bai ji wannan saƙon ba. Ya riga ya tafi.

Usur ɗinsa yana nan rataye a ƙusar bayan ƙofa. Har yau in la'asar ta yi nakan ji kamar zai miƙa hannu ya ɗauka. Mutumin da muka baro gida tare, muka tsufa a garin mutane tare, ba mu da kowa sai juna da yaran nan. Hafsatu, bari in sha ruwa.

To. Na yi takaba, na fita, gasa ta sake zagayowa. Abin da yake raina a lokacin guda ɗaya ne: shin dokar Malam ta bi shi kabari, ko tana nan? Don in ta bi shi, ƙungiyar ma ba za ta daɗe ba, kwamiti ya riga ya faɗa.

Wasannin farko suka wuce lafiya, yaran jikinsu a sanyaye saboda rasuwar. Muka haye zagayen farko. Sai ranar wata Juma'a Lawan ya hawo da buhu, ya ajiye, bai tafi ba. Na zazzage, na ga wuyan goma a rabe har kafaɗa.

"Me ya faru?"

"Mun ci, Inna. Metro ya ci biyu. Ya ci ta uku aka ce ya yi satar gida, ya je ya ture alƙali a ƙirji. Dattijo ne, Inna, har ya zauna a ƙasa."

"Kwamiti fa?"

"Wasa ɗaya suka dakatar da shi. Sun ce shi yake kawo 'yan kallo." Ya murza hularsa. "Inna, da Malam yana nan me zai ce?"

"Ka fi ni sani. Kai ka tsuguna a gaban bahon nan."

Ya daɗe yana kallon rigar. Sannan ya ce, "To ni ne kyaftin. Cire goma."

Na ɗauko almakashi. Warwarar lamba ba a gaggawa, in ka ja zare da ƙarfi za ka huda rigar. Ta ciki ake bi, ana tsinka ɗinki ɗaya ana tsallake ɗaya, sannan a ɗago ta a hankali. Inda ta zauna sai ya fito kore shar, ya fi sauran rigar duhu, kamar tabon ƙwarya a ƙasa. Ina yi ina kuka, ba don Metro ba. Muryar da na saba ji tana faɗin kalmar nan ce babu.

Wasan da aka dakatar da shi muka ci da ƙyar. Saura na kusa da na ƙarshe. Ana saura kwana kaɗan sai ga Ustaz Jibo da Metro, da ledar lemo a hannu. Suka gaishe ni, suka yi wa Malam addu'a. Ustaz ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso.

"Inna, yaron nan ya yi nadama. Hukuncin kwamiti ya cika. A taimaka a mayar masa da lambar, mu ɗauko kofin nan mu ce na Malam ne."

Na ce, "Ustaz, wanda ya ce in cire shi zai ce in mayar. Kuma hanyar a buɗe take. Alƙalin yana nan da ransa, safa kuma ga ta can."

Metro ya ɗago kai. "Inna, safa? Ni?"

"Lawan ya wanke, da haddarsa."

"Lawan ai gola ne, tsayuwa yake yi. Ni nake ci musu. Ƙwallayen da suka kawo mu nan na wa ne? Su ya kamata su wanke tawa." Ya faɗa yana dariya, amma idonsa ba ya dariya.

Ustaz ya ce, "Ilyasu, bi a hankali, uwa ce."

"Ban zage ta ba, Ustaz. Ma'alish, ki yi haƙuri, Inna. Ki riƙe lambar, Allah Ya bar zumunci." Ya durƙusa ya yi min sallama yadda ya saba, ya sauka.

Duk shekarun nan ban taɓa zuwa fili ba. Malam ya sha ce min in zo in ga abin da nake wankewa yana gudu, ina ce masa wata rana. Ranar wasan nan na ɗaure buhu na hau ƙaramar bas zuwa Abbasiya, na kai kayan da kaina. Aka ba ni kujerar roba kusa da benci. Yara suka sa riguna, suna ɗan tsalle-tsalle. Sai ihu ya tashi daga bakin ƙofa, Misirawa suna "Metro! Metro!" Ga shi nan ya shigo da gudu, sanye da koriyar riga da goma a bayanta. Ataba ya je ya sayo irin tamu, aka manna masa lamba. Daga nesa za ka ce ɗaya ce. Amma tamu ta sha wanki ta yi laushi, tasa tana ƙyalli, ita kaɗai a cikin fili.

Ustaz ya zo wurin Lawan yana magana ƙasa-ƙasa, ina jin su. "Lamba lamba ce, alƙali ba zai hana ba. Mu buga yau, gobe a yi maganar."

 Lawan ya zare safar hannunsa, ya ajiye a kan ciyawa, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Mai kujera, ɗan bayanmu, ya dube shi, ya zauna kusa da shi. Mai agwagwa ya zauna. Ba duka ba ne, kada in ƙara gishiri. Wasu suka tsaya a bayan Metro, ɗaya yana cewa, "Haba Shaikh, yau ne ranar wa'azi? Kofi fa!" Alƙali yana busa usur yana nuna agogo, yana "Yalla, yalla!" 'Yan kallo suka fara jifa da robar ruwa.

Metro ya tsaya a kan Lawan. "Kai za ka hana ni wasa?"

"Ni ban hana ka ba. Ka buga, ka tsare gidan ma da kanka."

Ustaz ya dubi na zaune, ya dubi na tsaye, ya dube ni. Na kau da kai, ba wurina ba ne. Ya share gumi, ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ilyasu, ka yi haƙuri. Ba yau ba." Ban taɓa jin Ustaz ya ce wa wani a'a ba sai ranar. Metro ya juya ya fita ta ƙofar da ya shigo, bai waiwayo ba.

Aka ci mu ɗaya da nema. Ba zan yi muku ƙarya ba, da Metro yana ciki ina jin da mun ci, don sau biyu ƙwallo ta zo inda yake tsayawa babu kowa. Muna fitowa sai wani ya ce da Hausa, don in ji, "Tsohuwa ta cinye mana kofi da almakashi." Na ji zafin maganar, har yanzu ina ji. Amma da na zazzage buhu a gida, na duba wuya ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yage. Ko katin gargaɗi ba a ba mu ba. Kwamiti bai sake ambaton cire Abbasiya ba.

Da shekara ta zagayo, Metro ya koma ƙungiyar ɗaliban Ainu Shams, masu shuɗiyar riga. Su ma ni nake yi musu wanki, don a lokacin ƙungiyoyi da dama suna kawo min. Kowace da ranarta da igiyarta, ba na haɗa kayan wani da na wani, kuma ba na kai maganar wannan buhu ga wancan. Su lambarsu ma ni na ɗinka. Suka ba shi goma. Haka rigarsa ta ci gaba da zuwa hannuna, launi ne kawai ya canza. Shi bai taɓa hawowa ba, ko a hanya muka haɗu sai ya gaishe ni daga nesa.

Yana ci musu, ana ta ihunsa. Ana tsakiyar gasa sai ga shuɗiyar goma da wuya a yage. Wanda ya kawo buhun ya ce an kore shi, ya zagi mai ɗaga tuta, su kuma aka farke musu abin da ya ci har aka ƙara. Na ce, "Me kocinku ya ce masa?" Ya ce, "Me zai ce? Ruwan rake ya saya masa, ya ce kada ya damu."

Na wanke, na ɗinke wuyan, na shanya, na ninke. Ranar karɓa, bayan azahar, na ji takun mutum a matakala, yana hawa yana tsayawa. Metro ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, na tambayi karatu. Na nuna masa buhunsu. Maimakon ya ɗauka, sai ya kwance bakinsa, ya tona har ya ciro tasa, ya juya bayanta. Ya daɗe yana kallo.

"Inna, ba ki ji an kore ni ba?"

"Na ji. Wuyan ma na ɗinke."

"Kuma kika bar ta?"

"Rigar mutane ce, ba wanda ya ce min in taɓa. Namu muke cire wa."

Ya zauna a bakin tankin ruwa da rigar a cinyarsa. Can ƙasa mai tallar gas yana ta buga tukunyarsa yana wucewa. Yaron ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ko mutum ɗaya bai yi fushi da ni ba, Inna. Gola ɗinmu ya yi ta faɗuwa har gwiwarsa ta fashe, da muka fito ya ce min tamam, ba komai. Na kasa cin abinci."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Tawa ta da tana nan?"

"Tana gwangwani."

"Safar Abbasiya fa, an kawo?"

"Ga ta can a jiƙe."

Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna. Babu wanda ya zo ya tsokane shi a matakala, shi kaɗai ya yi, har la'asar. Da ya gama shanya na ce, "Saura alƙali." Ya ce ya san masallacin da dattijon yake sallar Juma'a.

Ya je. Waɗanda suka gani sun ce a bakin ƙofar masallaci ya tare shi, mutane suna fitowa, ya durƙusa ya riƙe masa takalmi, dattijon ya rasa yadda zai yi da shi sai ya rungume shi. Amma dokar gasa ba ta barin mutum ya sauya ƙungiya a tsakiyar shekara. Ya ƙarasa wa masu shuɗiyar riga wasanninsu, ba a sake korarsa ba, ranakun horon Abbasiya kuma ya je ya zauna a gefe yana ɗebo musu ƙwallon da ta fita. Lawan bai ce masa komai ba, ni ma bai ce min ba. Wata da watanni ana haka. Har na fara tunanin Lawan zai gama karatu ya koma Gusau bai buɗe baki ba.

Ana gab da fara sabuwar gasa, na baza korayen riguna ina duba ɗinki, sai ga su sun hawo tare, Lawan a gaba, Metro a baya da buhu a ka.

Lawan ya ce, "Inna, goma."

"Me za a yi da ita?"

"A mayar."

Na buɗe gwangwani na ciro ta, na shimfiɗa rigar a cinyata, na daidaita sanda da ƙwai a kan tabonsu. Na ɗaga allura sama ina neman kafarta, ban gani ba. Na miƙa wa Metro na ce ya sa min zare. Yaron da ke wuce mutum huɗu da ƙwallo a ƙafa, ya tsaya zare yana ta kauce masa.

Lawan ya ce, "Ka lasa bakinsa mana, gwani."

Ya lasa, ya shiga.